Injin buga riga otomatik: in saya ko in ci gaba da na hannu?

Mai Shago Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, kuma na fi son waɗanda suka taɓa abin da hannunsu su yi magana. Shekara tara kenan ina buga riga da injin hannu mai kala huɗu, ni da yara uku. Watan da ya wuce wata ƙungiya ta kawo aikin riga 3,000, kala uku gaba da baya, suna so cikin kwana biyar, na zauna na buga lissafi na ga ko bacci ba mu yi ba ba za mu gama ba, na roƙa su ba ni kwana goma sha biyu suka ce a'a, ina ji ina gani aikin ya tafi Kano. Wallahi har yau abin na ci min rai. To ga zaɓen 2027 na tahowa, ga aikin makarantu, kuma wani eja ya turo min farashin otomatik ɗan China mai kai shida (wuraren buga kala) tasha takwas (farantan ɗora riga), dala 18,000 ban da kuɗin jirgi da kwastam. Ina da fili a Tumfure da zan iya sayarwa. In saya ko in haƙura?

Baban Bolari:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin kowa ya ce komai amsa min wannan tukuna. A shekarar nan da muke ciki, aiki nawa ka samu da ya haura riga 500 zane ɗaya? Ɗauko littafinka ka duba, kar ka faɗa da ka.

Mai Shago Jekadafari:
Baba na duba yanzu. Guda bakwai ne. Huɗu na wasannin makarantu, biyu na ƙungiyoyin agaji, ɗaya na maulidi. Sauran duk riga 30 ne, 50, 100, na 'yan kammala jami'a da ƙungiyar ƙwallo da masu biki.

Baban Bolari:
To ka ga ni. Aiki bakwai a shekara, in otomatik ne ko kwana goma ba zai cika yana juyawa ba ya cinye su duka. Sauran kwanakin yana tsaye ƙura na hawa kansa, kai kuma filinka ya tafi. Ba hana ka nake ba, ni ma da ina da ƙuruciyarka da zuciyata ta raya min, amma aiki ɗaya da ya kuɓuce maka bai isa a sayar da fili a kansa ba.

Ɗan Wunti:
Baba da girmanka, a nan kam ina da ja. Ai manyan ayyukan ba sa zuwa wurinsa ne saboda an san ba zai iya ba. Ni nan Bauchi kafin in kawo nawa aikin da ya wuce dubu ɗaya ko tambayata ba a yi, kai tsaye Kano ko Kaduna ko Shomolu ake kaiwa, da aka ji akwai inji a gari sai ga mutanen da ban taɓa gani ba suna sallama a ƙofar shago. Littafinsa na yau ba zai nuna masa abin da bai taɓa shigowa ba.

Mai Shago Jekadafari:
Yawwa yayana, kai nake jira dama. Yaya naka yake? Riga nawa yake fitarwa a awa, tsakani da Allah? Ejan nan ce min ya yi 900.

Ɗan Wunti:
900 ɗin nan na takarda ne, sai dai in injin na juyawa babu riga a kai. Mutum ne fa zai saka rigar a faranti ya daidaita wuya, wani ya cire, wani ya tare a ƙarshen diraya, wato injin gasa fenti, ya ninke. Mu in yara sun saba kuma zanen ba mai wahala ba ne muna yin 350 zuwa 450 a awa, da na hannu kuwa kala uku da ƙyar muke haɗa 60, kuma bayan azahar hannun yaro ya mutu, bugun safe daban na yamma daban. Abin da ya fi burge ni da otomatik ma shi ne wannan, riga ta farko da ta dubu biyu iri ɗaya suke fitowa, saboda matsin sikwiji, robar da ke tura fenti, da kwanciyarsa da saurinsa ka saita sau ɗaya shikenan. Fenti ma ya ragu sosai don ba a lafta shi.
Amma bari in faɗa maka inda na sha wuya, don kar ka ce ban gaya maka ba. Na zuba duk kuɗina a injin, na manta da diraya. Lokacin filash, ƙaramin hitar nan, nake gasawa da shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka saba. Ranar farko inji na zubo riga kamar ruwa, mu kuma muna gasa guda guda, cikin rabin awa tebur ya cika, benci ya cika, har kan tabarmar sallah mun shimfiɗa riguna da ɗanyen fenti, dole muka kashe inji muka zauna jiran wuta ta gasa. Wata huɗu na yi ina da otomatik amma gudun na hannu nake yi, sai da na ci bashi na sayi diraya mai bel.

Injiniya:
Salam. Abin da Ɗan Wunti ya faɗa shi ne gaskiyar da eja ba zai faɗa maka ba. Dala 18,000 ɗin nan injin ne tsirara. Ni gyara nake yi, bari in jera maka abin da zai biyo bayansa.
Yawancin masu arahar nan da iska suke aiki, to sai kwamfaresa babba, mai doki bakwai da rabi ko goma, wadda za ta riƙe bar 6 zuwa 7 ba ta faɗuwa, ba irin ta masu faci ba. Kuma dole na'urar busar da iska a tsakaninsu, in ba haka ba da damina ruwa ke taruwa cikin tiyo ya shiga bawul da silinda, sai ka ga kai ɗaya ya fara makalewa a tsakiyar aiki. Sai filash, na otomatik mai fitilun kwatz shi kaɗai yana iya jan kilowat goma ko fiye. Sai diraya, in ta lantarki ce wadda za ta iya haɗiye riga 400 a awa ita ma ta kai haka ko ta fi. Ka haɗa su duka, layin gida ba zai ɗauka ba, sai tiri fes, kuma janaretan da bai kai KVA 40 ba kar ma ka fara. Irin wannan jen ɗin da lodi yana shan dizal lita 6 zuwa 8 a awa, ka san kuma lita ta daɗe da wuce dubu ɗaya.
In kana layin Band A ne to da sauƙi, awa 20 aka ce a rana, amma ka tuna tun Afrilun 2024 aka kai kuɗinta naira 225 kan yunit ɗaya kafin a ɗan sassauto. Ka je ofishin JED, kamfanin wutarku, ka tambayi layin da shagonka yake kai da ko taransifomar unguwar za ta ɗauke ka, kafin ka tura wa kowa ko sisi.

Mai Shago Jekadafari:
Innalillahi. Injiniya ni jen ɗina KVA goma ne fa.

Injiniya:
To ka ga. Akwai mafita kaɗan, diraya mai aiki da gas ɗin girki, tana rage nauyin wuta sosai a babban aiki. Akwai kuma injinan da ba ruwansu da iska kwata kwata, komai da mota, kamar Volt na kamfanin Anatol, ka huta da kwamfaresa da ƙararta, sai dai kuɗinsu ba ɗaya ba. Sannan shagonka faɗinsa nawa? Mai tasha takwas in an kafa shi da'irarsa ta kusa mita huɗu, ban da wurin da mutum zai zagaya, ban da diraya da ita ma doguwa ce.

Mai Shago Jekadafari:
Shago biyu ne na fasa bangon tsakiya. Sai dai in kama wani wurin.

Hajiya Mai Yunifom:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba buga riga nake ba, ɗinki nake, amma ni nake kawo muku aiki don haka ku ji ta bakin kwastoma. Duk watan Agusta zuwa Satumba ina da rigunan wasanni na makarantu shida, abin da ke ƙona min rai da masu bugu ba jinkiri kaɗai ba ne, wanki biyu tambarin makaranta ya fara ɓarewa iyaye su zo kaina. Bara sai da na biya riga ɗari da ashirin daga aljihuna, ja ce rigar, an buga farin rubutu tas, bayan kwana uku a cikin buhu farin ya koma ruwan hoda. Mai bugun ya rantse ba laifinsa ba ne, ni kuma makaranta ba ta san shi ba ni ta sani. Ƙanina in za ka kashe kuɗi, ka kashe a inda zai hana irin wannan.

Baban Bolari:
Hajiya wannan biyun duk maganar wuta ce. Fentin plastisol ba ya bushewa da iska ko shekara zai yi, sai ya gasu har cikinsa, wajen digiri 160. In sama ta gasu ƙasa ɗanye, a ido lafiya lau, wanki ne zai tona asiri. Ni kullum in riga ta huce sai na ja rubutun da hannu biyu, in ya tsage bai nuna ba. Maganar jar rigar kuma, rigar roba ce mai arha, in zafi ya yi mata yawa rinin jikinta ke tashi ya shige cikin farin, kuma ba nan take yake nunawa ba. Akwai farin da aka yi don irin wannan yadin, mai gasuwa a ƙaramin zafi, ya fi tsada ne shi ya sa yara ke gudunsa. Diraya mai bel da ake saita zafinta da gudunta ita ke maganin duka biyun, ko da injin hannu kake.

Yaron DTF Pantami:
Oga ni fa a ganina duk wannan wahalar ta wuce zamani. DTF kawai. Ba wanke firam ɗin ragar da ake bugu ta cikinta, ba emolshan da ake shafa wa ragar don fitar da zane, ba raba kala, hoto ko kala ɗari ne ka buga a fim ka manna da hit fires, injin dannawa da zafi. Rigar kamfen ai fuskar ɗan takara ake sawa, da kai shida za ka fitar da fuska?

Ɗan Wunti:
Ƙanina DTF na da wurinsa, ni ma ina da shi a gefe kuma shi ke ɗauke min ƙananan ayyuka. Riga 30 kala biyar ba zan ƙona firam biyar in ɓata minti arba'in wurin saiti ba. Amma DTF kuɗin riga ta farko da ta dubu uku ɗaya ne, fim da hoda da tawada ba sa raguwa, kuma kowace riga sai ka danna ta da hannu. Sikirin kuwa, wato bugun firam, da ka fitar da kuɗin firam sauran fenti ne na 'yan nairori, yawan aikin shi ne ribar. Kuma a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ka ba mutum riga da faffaɗan DTF a ƙirji ya shiga rana, zai gaya maka. Fuska kuma ana fitar da ita da kala huɗu a farar riga in mai raba kalar ya iya kuma raga mai laushi ce, an daɗe ana yi tun kafin a san DTF.

Yaron DTF Pantami:
Na yarda da maganar yawa oga. Amma rigunan kamfen na yanzu da yawa sablimeshan ne, farar roba a rine ta gaba ɗaya da hoto. In ya sayi inji don zaɓe ya tarar kasuwar ta koma can fa?

Injiniya:
Yaron nan ya kawo magana mai kyau, a duba ta. Kuma tunda an taɓo kai shida, Mai Shago ka sani kai shida ba kala shida ba ne a baƙar riga ko wata mai duhu. Kai ɗaya na farin ƙasa, farin da ake fara shimfiɗawa don kaloli su fito, na biyu filash zai zauna a wurin, kuma sau da yawa sai ka bar na gaba ya zama wurin hucewa don in faranti ya yi zafi fenti na manne wa bayan raga. Saura uku ko huɗu. In aikinka yawanci kala uku ne ya ishe ka, in kana hangen sama da haka gara ka jira mai kai takwas tasha goma, don ba a ƙara wa inji kai daga baya kamar ɗaki.

Malam Akanta:
Assalamu alaikum, na karanta daga sama. Ni ba sana'ata ba ce amma ina riƙe wa shaguna biyu littafi. Ɗan uwa ka yi lissafin da dala, kar ka yi da naira. Kafin Yunin 2023 dala na wajen 460 a banki, bayan an sake ta ta haura 1,500, kuma raga da emolshan da fenti da duk wani bawul da zai lalace daga waje suke zuwa. Dala 18,000 ɗinka ka ɗora jirgi, Form M, kuɗin kwastam, ejan kiliya a Apapa, motar da za ta ɗauko daga Legas zuwa Gombe, da abin sauke shi. Ka ɗora diraya, kwamfaresa, jen, wayarin, hayar sabon wuri, sababbin firam don na katakon da kake da su ba za su hau ba, na alminiyam yake so masu girma ɗaya kuma a ɗaure tam. Ba zan yi mamaki ba in jimillar ta ninka. Sai ka ɗauki ribar da kake samu kan riga ɗaya bayan ka cire komai har dizal, ka raba jimillar da ita, zai ba ka yawan rigar da za ka buga kafin kuɗinka su dawo. In adadin ya fi abin da za ka samu a shekara uku, to ka dakata.
Maganar fili kuma, ni ban so. Akwai murabaha a bankin Jaiz, su sayi kayan su sayar maka ka biya a hankali, akwai Bankin Masana'antu, ka je ka ji sharuɗansu. Kuma ko da wa za ka yi, ka bar kuɗin sayen riga a hannu. Aikin dubu uku in ya zo sai ka je Kantin Kwari ka ɗauko riga dubu uku da kuɗi, inji ba ya buga iska.

Baban Bolari:
Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Aikin siyasa da kuke ta hange, ni na yi zaɓe ya fi biyar a sana'ar nan. Akwai shekarar da na buga wa wani ɗan takara riga dubu biyu, aka ba ni kashi ɗaya cikin uku aka ce saura bayan taro, ya faɗi zaɓe, wayar da nake kira har yau ba ta shiga. Sai da na sayar da mashin ɗina na biya mai riga a Kano don in tsira da mutuncina. Duk wanda zai yi aikin kamfen ya karɓi kuɗin riga da fenti cif kafin ya ƙona firam, ragowar kuma kafin kaya su bar shago. Kuma kar ka ɗora bashin inji a kan kakar zaɓe, wata uku ce ta wuce, makaranta da asibiti da kamfani su ne masu dawowa duk shekara.

Hajiya Mai Yunifom:
To ni tambayata, dole sai mutum ɗaya ya saya? Ku nawa ne masu bugu a Gombe, kowa na kukan aiki na tafiya Kano. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku kafa shi wuri ɗaya mai wuta, kowa ya kawo babban aikinsa a buga masa a kan farashin da kuka yanke, ƙananan kuma kowa ya yi a shagonsa. Mu haka muka yi da injin aikin wuya na kwamfuta, mu uku, shekara biyu kenan ba wanda ya ji kanmu saboda komai a rubuce yake da shaidu.

Ɗan Wunti:
Hajiya shawara ce mai kyau in an samu masu amana, sai dai a sa mutum ɗaya tak ya zama shi ke taɓa saitin injin, hannu da yawa ke kashe shi.
Mai Shago, wani abu da ban faɗa ba. Nawa ya taɓa tsayawa sati biyar saboda sensa ɗaya da ba ta kai girman yatsa ba, wanda ya sayar min ya daina ɗaga waya, sai da wani ɗan uwa mai zuwa Guangzhou ya ɗauki hoton ta ya nemo min. Don haka ka sa a rubuta cikin ciniki a haɗo maka da sensa da bawul da robar silinda na ajiya, kuma ka tambayi sunan kamfanin da ya yi kayan iskar da kwamfutar cikinsa, in irin SMC ne ko Festo ko Airtac ana samunsu a Legas da Kano. Kar ka biya duka sai sun nuna maka naka injin yana bugu a bidiyo kai tsaye, kala huɗu a kan juna, riga hamsin a jere ka ga ko saiti na gocewa.

Mai Shago Jekadafari:
Otomatik da aka taɓa amfani da shi fa? Na ga ana tallan injin kamfanin M&R tsoho daga Amurka kusan kuɗi ɗaya.

Injiniya:
M&R da ROQ na Fotugal da MHM na Ostiriya duk ƙarfe ne na gaske, tsohonsu mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma na Amurka an yi shi ne don wutarsu mai 60Hz, tamu 50Hz ce kuma tiri fes ɗinmu 415, sai an duba mota da filash an sa taransifoma inda ya kamata. Na Turai ya fi dacewa da wutarmu. Ka nemi a nuna maka adadin bugun da ya yi, yana cikin allon injin kamar kilomitar mota. Kuma kowanne ka saya ka rufe wurin da kyau, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ita ce ke sa ka ga ƙananan huji a raga bayan ka ƙona. Ruwa ma ka sa a lissafi, firam zai ƙaru wanki zai ƙaru, kai ka san yadda ake sayen tanka a Gombe.

Mai Shago Jekadafari:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi da na tura kuɗin nan satin nan da na shiga uku. Abin da ya tsaya min yanzu shi ne diraya, ita zan fara saye da kuɗin da ke hannuna ba sai na taɓa fili ba, mai ɗan girma wadda ko otomatik ya zo daga baya za ta ɗauke shi. Maganar Hajiya kuma zan samu mutum biyu da na yarda da su gobe bayan la'asar. Yaya Ɗan Wunti, in ba takura, ina so in zo Bauchi in wuni a shagonka ranar da kake da babban aiki, in ga abin da idona, in zo da babban yarona.

Ɗan Wunti:
Bismillah, ƙofa a buɗe take. Ranar Asabar muna da riga 1,500 na wata makaranta, kala uku a kan shuɗiya, za ka ga yadda ake farin ƙasa da filash. Ku taso da sassafe don ƙarfe tara muke kunna jen, kuma yaron ya zo da kayan aiki, shi zan sa a wurin saka riga.

Yaron DTF Pantami:
Oga in akwai wuri a mota ni ma zan bi ku.

Injiniya:
Mai Shago kafin ka taho auno min tsawo da faɗin shagon da faɗin ƙofa, ka ɗauko hoton mitarka da allon jikin jen ɗin ka turo min, in duba wace diraya za su iya ja.